Biron sa hannu a littafi: takardarki za ki tambaya, ba mai shago ba

Saƙonnin da suka taru a akwatina wannan makon kusan duk na marubuta ne, kuma ba a kan tsadar takarda ko masu satar fasaha suke ba kamar yadda aka saba. A kan biro suke. Da alama lokacin ƙaddamar da littattafai ne ya kama. Na rage tsawon wasu tambayoyin, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Littafina na farko ya fito daga maɗaba'a, kwafi 500, ƙarshen wata za a ƙaddamar da shi. Yayana ya ce kada in kunyata gida da biron 'yan makaranta, in nemi alƙalami mai tsada irin na manya. Ni kuwa kuɗin ɗab'i ya gama da ni, ko kuɗin ɗakin taro ban cika ba. Wane biro zan saya mai sauƙin kuɗi wanda ba zai ba ni kunya ba?
Daga wata marubuciya a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri 'yar'uwa, ya sa na farko ne ba na ƙarshe ba.

Yayanki bai faɗi ƙarya ba, ai an ce araha ba ta ado. Sai dai a wannan harkar karin maganar ba ta cika aiki ba. Mai sayen littafi ba da jikin biron zai tafi gida ba, da tawadar zai tafi, ita kuwa tawada ba ruwanta da ko a roba take zaune ko a zinare. Abin da ya dame ta shi ne takardar da aka ɗora ta a kai. Saboda haka kafin ki je wurin mai shago, ki koma wurin mai maɗaba'arki ki roƙe shi kwafi ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace wurin yanka ko ɗinki. Ba a rasa su. Wannan lalataccen kwafin shi zai zaɓa miki biro.

Yawancin littattafanmu da ake bugawa a Kano da Kaduna da Zariya a kan takarda mai nauyin giram 60 ko 70 suke, wasu ma a kan takardar jarida. Ba ta da kauri, ga ƙishirwa. Da tawada mai ruwa ta taɓa ta sai ta zuƙe, kamar yadda rairayi ke shanye ruwan buta. Harafi ya baje, gefensa ya yi gashi-gashi, ki juya shafi ki tarar da sa hannunki a baibai yana kallonki a tsakiyar shafin haƙƙin mallaka. In abin ya yi muni har ya taɓa sadaukarwar da kika yi wa mahaifiyarki.

Birukan kasuwa a ido duk ɗaya suke, amma ba tawada ɗaya suke sha ba. Wanda muka sani tun firamare, irin Bic Cristal da aka fara sayarwa a Faransa a 1950, tawadarsa mai kauri ce mai maiƙo. Ɗan ƙwallon da ke bakinsa ne ke birgima yana shafa ta a saman takarda, ba ta nitsewa ciki sosai, shi ya sa ko a takardar jarida da wuya ya ɓullo ta baya. Aibinsa shi ne sai an danna, sannan lokaci-lokaci yakan tara ɗan dunƙulen tawada a baki ya sauke shi a lanƙwasar harafi, yatsa na bi ta kai sai baƙin layi. Akwai na jel, wanda kamfanin Sakura na Japan ya fara fitowa da shi a 1984. Rubutunsa ya fi baƙi da fitowa, ba ya son dannawa, amma yana jinkirin bushewa, kuma yana ƙarewa da wuri. Sai masu tsinkakkiyar tawada irin su Pilot V5. A takarda mai kyau ba wanda ya kai su daɗin rubutu, a takardar littafinki kuwa su za su fara ɓullowa ta baya.

Da ni ne, Uni Jetstream baƙi zan nema, mai baki 0.7 ko 1.0 (kaurin bakin ke nan a milimita), na kamfanin Mitsubishi Pencil. Tawadarsa ta biro ce mai maiƙo, amma an ɗan tsinka ta, don haka yana sulɓi kusan kamar jel, yana bushewa kusan nan take, kuma ba ya huda shafi. Ya fi Bic tsada, amma bai kama ƙafar alƙaluman da yayanki ke nufi ba. In ba ki samu ba, Schneider Slider na Jamus ma ya yi. In shi ma babu, ki sayi Bic na gaske ki riƙe ɗan tishu a gefe, ki riƙa share masa baki bayan 'yan kwafi kaɗan. Ba wanda zai dawo miki da littafi don da Bic kika sa hannu, amma akwai wanda zai ɓata rai in tawada ta ɓata masa shafi.

Gwajin ba shi da wuya. Ki tafi shago da lalataccen kwafin a jaka. Ki buɗe shafin da sunan littafi yake, nan ne za ki riƙa sa hannu. Ki rubuta cikakken sunanki da irin saurin da za ki yi ranar taro, ba a tsanake ba. Ki ƙirga ɗaya zuwa biyar, ki shafa babban yatsa a kai. Ya ja? Ajiye wannan biron. Bai ja ba? Juya shafin ki duba baya. Inuwar rubutu ba laifi, takarda ce ba kauri, amma in kika ga ɗigo-ɗigon tawada sun ratsa, musamman inda biro ya tsaya a ƙarshen harafi, shi ma ajiye shi. Daga nan ki sake sa hannu, ki rufe littafin nan take ki danna da tafi, ki buɗe ki duba shafin da ke fuskantarsa. Wannan na ƙarshe shi mutane ke mantawa, alhali kuwa a wurin taro ba mai jira: kina ɗaga biro an karɓe littafi an rufe, an cusa a hammata.

Guda uku za ki saya, ba ɗaya ba. Wani zai ara ya rubuta lambar waya bai dawo da shi ba. Wani kuma zai gangaro daga tebur ya faɗi da baki a kan siminti, biron da ya faɗi da baki kuwa ya tashi aiki, sai tsallake. Ki fara rubutu da dukkansu tun daren jajibiri. In na jel kika zaɓa, sabo yakan zo da ɗan ɗigon kakin da aka toshe bakinsa da shi, sai an ɓamɓare da farce, kada ki tsaya kokawa da shi a gaban mai girma babban baƙo. Kwafin manyan baƙi da za a naɗe a takardar ado ma a gida za ki sa musu hannu, kina zaune, hankalinki kwance.

Shi kuma yayanki, tun da adon ne ya dame shi, ki ba shi aikin. Ya sayo miki Parker Jotter mai jikin ƙarfe, wanda ake yi tun 1954, yana kyau a hoto kuma shi ne na ƙasa-ƙasa a kuɗi cikin dangin Parker. Daɗinsa shi ne ana canja masa hanji, wato bututun tawadar da ke cikinsa, kamfanoni da dama kuma suna yin hanjin da ke shiga cikinsa, irin su Schneider Slider 755 da Jetstream SXR-600. Wani abin ruɗani: wannan girman hanji G2 ake kiransa, amma hanjin biron Pilot G2 ba ya shiga Parker, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ki gwada a shago kafin a biya.

TAMBAYA: Malam, ni mutum ne mai yawan kuskure wurin rubuta sunayen mutane. Wani abokina ya nuna mini biro mai 'yar roba da ake goge rubutunsa fes kamar fensir. Ba shi ya fi dacewa da ni ba?
Daga wani malamin sakandare a Sakkwato.

AMSA: A'a Malam, ballantana kai da ke Sakkwato.

Wanda ya fi shahara a irinsu shi ne Pilot FriXion. Robar nan ba kankare tawada take yi ba. Gogawar ce ke haifar da zafi, tawadar kuma an yi ta ne launinta ya ɓace idan zafi ya kai wajen digiri 60. To, ka ƙaddara wani ya sayi littafinka a watan Afrilu, ya jefa shi gaban mota, ya rufe gilashi ya shiga masallacin Juma'a. Gaban motar da ke tsaye a rana yakan kai wannan zafin har ya wuce. Kafin a idar da salla shafinka ya koma fari. In an sa littafin a firiza rubutun kan dawo dishi-dishi, amma wa zai sa littafi a firiza? Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi kada a sa hannu da shi a takardun hukuma. In kana son ka gani da idonka, yi rubutu a 'yar takarda ka ɗora dutsen guga mai ɗumi. Biro ne mai kyau don shirya darasi da cike jadawali, ba don abin da ake so ya daɗe ba.

Matsalarka ta suna kuma ba biro ne maganinta ba. Ka sa ɗaya daga cikin ɗalibanka ya tsaya a bakin layi da ƙananan takardu, kowa ya rubuta sunansa yadda yake rubuta abinsa, ya sa a cikin littafin kafin ya iso gabanka. Akwai Ruƙayya, akwai Rukayya, akwai Ruqayya. Akwai Muhammad da Muhammadu da Mohammed, kowanne kuma yana ji da nasa. Ga hayaniyar lasifika, ga wanda ya san ka tun kuna yara kai kuwa sunansa ya kwanta maka, wannan 'yar takardar ita za ta rufa maka asiri. In duk da haka ka yi kuskure, ja layi ɗaya ka gyara ka nemi afuwa. Kada ka murza, kada kuma ka shafa farar tawadar gyara.

TAMBAYA: Malam, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini alƙalaminsa mai shan tawada daga kwalba, wanda ya yi aiki da shi tun zamanin En'e. Ina so da shi in sa hannu a diwanin waƙoƙina. Zan iya zuba masa tawadar da muke rubutun allo da ita? Tana da baƙi sosai.
Daga wani sha'iri a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan baba, ya kai haske kabarinsa.

Tawadar allo kada ka kuskura. Akwai ƙaro a cikinta, da garin baƙin da ke ba ta launi, hanyar da tawada ke bi zuwa bakin irin wannan alƙalami kuwa siririya ce ƙwarai. Ƙaron zai bushe a ciki ya toshe ta, kuma ba lallai ka iya buɗe ta ba. Haka tawadar masu zane. Tawadar da aka yi don irinsa za ka nema, kamar Parker Quink da ake yi tun 1931, ko Pelikan 4001. Ta biyun na fi so maka, don ba ta cika gudu ba, takarda mai ƙishirwa ta fi jure mata.

Tun da ya daɗe a ajiye, sai an wanke shi tukuna. Ka jiƙa bakin a kofin ruwa mai sanyi ya kwana, ka riƙa zuƙar ruwa kana fesarwa har ya fito garau. Ban da ruwan zafi, ban da fetur ko sifirit, suna cin robar da. Yawancin tsofaffin alƙaluma suna da 'yar jakar roba a ciki da ke riƙe tawada, shekaru kan busar da ita ta tsage. Ka fara cika shi da ruwa ka kwantar a kan farar takarda ya wuni. In ya jiƙa ta, yana yoyo, kada ya kusanci aljihun farar rigarka.

In ya tsallake wannan, sai gwajin takarda irin wanda na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Gusau. Ba na so in karya maka gwiwa, amma tawadar irin wannan alƙalami ruwa ce zalla, ita ta fi kowace bajewa a takarda mai araha. In diwanin a takarda mai kauri aka buga shi, to madalla.

Ko ya ci gwajin, ba na ba ka shawarar fita da shi ɗakin taro. Abin gado ne. Wani zai karɓa ya ce bari ya gani, ya danna shi irin dannar biro, baki ya buɗe, shi ke nan. Ga kuma gaisuwarmu: kafin ka gama ina gajiya, ina iyali, ya bayan rabuwa da mutum ɗaya, alƙalami a buɗe a hannu, iskar hunturu ta busar da bakin, sai ka yi ta kaɗawa. Ka zauna a gida ka sa hannu da shi a kwafin mahaifiya da baffanni da malamanka, ka rubuta musu cewa da alƙalamin marigayi aka sa, za su ji abin fiye da kowa. Na taro kuma, in dai ranka ya nace sai mai tawada, akwai masu sauƙin kuɗi irin Platinum Preppy da Pilot Kakuno na Japan, ka zaɓi mai siririn baki. Hero da Jinhao na Sin sun fi araha, sai dai a cikinsu wani ya yi daɗi wani ya yi ƙaiƙayi, sai ka gwada wanda za ka biya.

TAMBAYA: Bangon littafina baƙi ne mai leda, biro ba ya kamawa, ga shi wasu sun fi son a sa musu hannu a bango. Shafukan ciki ma masu sheƙi ne don littafin yara ne mai hotuna. Me zan yi?
Daga wata malama a Maraɗi.

AMSA: Malama, leda ba ta shan tawada, don haka sai abin da ke bushewa a samanta, wato biron maka (marker) marar goguwa irin Sharpie ko Staedtler Lumocolor. Tun da bangon baƙi ne, mai ruwan azurfa ko ruwan zinare za ki nema. Waɗansu daga cikinsu fenti ne, sai an girgiza an danna bakin a wata takarda kafin ya sauko, kuma kan sauko da yawa a karon farko. Kada wannan karon farkon ya zama a kan littafin mutane. Ki ba shi lokaci ya bushe, kada ki ɗora wani kwafin a kai.

Amma ki gaya wa masu son bango gaskiya: hannu da jaka da gumi za su riƙa cinye shi a hankali. Cikin bango, in ba leda a wurin, ya fi aminci.

Kada ki yi ganganci ki kai makar nan kan takarda marar sheƙi. Takan ratsa shafi har ta taɓa na bayansa, bayan shekaru kuma wani rawaya-rawaya kan zagaye rubutun. A shafukanki masu sheƙi, jel ne zai fi ba ki wahala, don yakan zauna a jiƙe ya shafe. Ki gwada biro mai maiƙo ko siririyar Lumocolor, ki ga wanda ya fi kamawa. In za a sake bugu, ki roƙi mai maɗaba'a ya sa miki farar takarda marar sheƙi guda ɗaya a farko. Wurin sa hannu ya samu, yaro ma ya sami inda zai rubuta sunansa da ajinsu.

TAMBAYA: Shuɗi ko baƙi? Ina so jikokina su tarar da rubutun. Kuma matata ta ce kada in riƙa raba sa hannuna ga duk wanda ya sayi littafi, wai haɗari ne.
Daga wani tsohon ma'aikaci a Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe, Hajiya ta fi mu hangen nesa, da maganarta zan fara. Sa hannun da banki ya sani, wanda ke kan cek da takardar fili, kada ya shiga littafi. Littafi yawo yake yi, ga masu ɗaukar hoto su sa a Facebook. Ka ƙirƙiro wani dabam na littafi kawai, ko cikakken suna a rubuce, ko sunan alƙalami, ka yi ta maimaita shi a gida har hannu ya saba.

Daɗewa kuwa ba a launi kaɗai take ba, a abin da aka yi launin da shi take. Tawada iri biyu ce. Akwai mai rini, wanda launinsa narkakke ne, rana na koɗar da shi, ruwa kuma na iya wanke shi. Akwai mai garin launi, ƙananan ƙwayoyi da ke maƙalewa a zaren takarda, su ba sa narkewa kuma suna jure haske. Sakura Pigma Micron, da ya fito a 1982, na wannan layin ne, masu zane da masu adana takardu suna ji da shi. Ka ɗauki mai lamba 05 ko 08, amma in hannunka na da nauyi bakinsa ba zai daɗe ba. Uni-ball Signo 207 ma garin launi ne, ya kuma fi jure dannawa. A kan wasu birukan za ka ga an buga ISO 12757-2, a na jel kuma ISO 27668-2. Alama ce cewa an gwada tawadar da ruwa da haske da wasu sinadarai ta tsaya. Schneider kan buga shi a kwali.

In kana son ka tabbatar da kanka, ka yi layi da kowane biro a takarda ɗaya, ka rufe rabinta da kwali, ka manna a tagar da rana ke duka, ka bar ta makonni. In ka ɗaga kwalin za ka ga wanda ya koɗe. Sai dai kada abin ya hana ka barci: littafi a rufe yake kwana, rana ba ta ganin shafin farko. Abin da ke kashe littattafanmu gara ne da yoyon damina da aro.

Ni baƙi na fi so, ya fi zama da baƙin bugun da ke shafin. Masu son shuɗi suna da hujja, don shi ke nuna hannu ne ya sa ba inji ba. Ja dai a bar wa malamai masu duba jarrabawa da gwamnoni.

TAMBAYA: Ni bahago ne, duk abin da na rubuta gefen hannuna na shafe shi.
Daga wani ɗalibi a Jos.

AMSA: Ɗana, bushewa da wuri ita ce komai a wurinka. Jetstream mai baki 0.5 ko 0.7, ko Pentel EnerGel in jel kake so, shi ya fi 'yan'uwansa saurin bushewa. Ka guji mai kauri 1.0, yawan tawada yawan jira. Ka ɗan karkata littafin zuwa dama yadda hannunka zai bi ta ƙarƙashin layi, ka fara da sunan mai littafi a sama ka sauko, sa hannu ya zama na ƙarshe. Wannan shawarar ta shafi masu rubutu da dama da ke sa hannu da ajami, don su ma hannunsu kan bin sabon rubutu yake. Kai kuwa in ka iya ajami, a nan ka huta.

TAMBAYA: Na sayi fakitin biro mai sunan babban kamfani a hannun mai talla, rabi ba sa rubutu. Yaya ake gane na jabu, kuma ina zan samu na gaske?
Daga wani marubuci a Kano.

AMSA: Malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. In an ba ka dozin a kuɗin guda biyu, ka riga ka san amsa. Amma ba duk wanda ya ƙi rubutu ne jabu ba. Biron gaske ma in ya shekara a tire yana shan rana, tawadarsa kan daskare ko ta yi yoyo a marfi.

Ka duba rubutun da ke jikinsa. Na gaske tsaf yake, ba ya goguwa da farce, na jabu kan yi dishi-dishi, wani lokacin har da kuskuren harafi. Ka duba inda aka haɗa robar ko akwai kaifi, ka ji ko marfin na kamawa da kyau. Ka cire hanjin in ana cirewa: na manyan kamfanoni yawanci akwai suna da lamba a jikinsa, a na jel kuma za ka ga wani ruwa mai kauri garau a bayan tawadar, shi ke hana ta bushewa da komawa baya. In ka ga kumfar iska ta raba tawadar biyu, bar shi, zai yanke maka a tsakiyar suna. Sannan ka ja dogon layi da sauri ka yi da'ira uku-huɗu, baƙin jabu kan fito toka-toka yana tsallake.

Tun da a Kano kake, ka shiga layin masu kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari, ka nemi shagon da ofisoshi da makarantu ke sari, inda kaya ba sa kwana. In Jetstream ko Pigma kake nema ba ka samu ba, ka tambayi masu sayar da kayan zane na ɗaliban gine-gine, ko ka duba Jumia da Konga, ka karanta abin da masu saye suka ce game da mai sayarwar, ba game da biron kaɗai ba. Ka yi oda da sauran mako biyu, don in abin da ya zo bai yi ba ka sami damar canjawa. In sun iso kada ka bar su a mota, kuma kada ka tsayar da su baki sama na tsawon lokaci, a kwance za ka ajiye su a aljihun tebur har ranar taro.